Sir Edward Appleton: Masanin da ya auna rufin da ke dawo mana da muryar rediyo

Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi kafin wayar hannu ta cika gari ya san wannan al'ada. Ana idar da sallar Isha'i dattawa za su hallara a dakalin ƙofar gida, mai akwatin rediyo ya zaro eriya, ya riƙa murɗawa a hankali a gajeren zango har ya kamo Landan ko Jamus. Murya za ta taso garau, can ta dusashe kamar mai maganar ya juya baya, jim kaɗan kuma ta dawo. Wani ya ɗora laifin a kan batir, wani ya ce iska ce. Alhali dalilin yana can sama, nisan ɗaruruwan kilomita daga rufin ɗakin da suke jingine da shi, a wani yanki na sararin samaniya da masana ke kira ayonosfiya.

Mutumin da ya fara tabbatar da samuwar wannan yanki, ya auna tsayinsa, ya kuma raɗa wa shimfiɗunsa sunayen da ake amfani da su har yau, shi ne Sir Edward Victor Appleton, Baturen Ingila da ya rasu a 1965. Ya fara aikinsa yana ɗaukar sama a matsayin madubi mai dawo da igiyar rediyo. Kafin ya bar duniya an gane cewa madubin ba kafaffe ba ne: yana motsi, yana lanƙwashewa, igiya mai ƙarfi tana iya dagula shi, kuma a saman ƙasar Kano yakan dagula kansa da kansa bayan faɗuwar rana.

Ɗan ma'aikacin sito

An haifi Appleton ranar 6 ga Satumba, 1892, a Bradford, garin masaƙun ulu a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa, Peter Appleton, ma'aikacin sito ne, saboda haka gidansu ba na masu hali ba ne. Ƙwazonsa a makarantar Hanson da ke garin shi ya samar masa tallafin karatu zuwa Kwalejin St John's ta Jami'ar Cambridge a 1911, inda ya karanci kimiyya ya fita da sakamako mafi daraja.

Yana gamawa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Ya shiga soja, daga baya aka mayar da shi rundunar injiniyoyi, ɓangaren sadarwa. A nan ya haɗu da wata sabuwar na'ura mai kama da ƙwan fitila, wadda ke ƙara wa raunanniyar igiyar rediyo ƙarfi. Sojoji na amfani da ita, amma kaɗan ne suka fahimci yadda take aiki. Wannan giɓi na ilimi shi ya ja hankalinsa. A 1915 ya auri Jessie Longson, 'yar garinsu, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Bayan yaƙi ya koma Cambridge, ya kama aiki a ɗakin bincike na Cavendish a ƙarƙashin Ernest Rutherford. A lokacin kusan kowa a wurin ya duƙufa ne a kan binciken ƙwayar zarra, shi kuwa ya zaɓi rediyo.

Tambayar da Marconi ya bari

A watan Disamba na 1901 Guglielmo Marconi ya aika da siginar rediyo daga Cornwall a Ingila, aka karɓe ta a Newfoundland, a ɗaya gefen tekun Atilantika, tazarar sama da kilomita 3,000. Abin ya ɗaure wa masana kai. Igiyar rediyo dangin haske ce, a miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take. To, me ya lanƙwaso ta har ta bi doron teku? A 1902 Oliver Heaviside a Ingila da Arthur Kennelly a Amurka, kowa a gefensa, suka yi hasashen cewa akwai wata shimfiɗa a sama mai ɗauke da lantarki wadda ke dawo da igiyar ƙasa. Hasashen ya yi shekara ashirin da biyu babu wanda ya tabbatar da shi.

Appleton ya lura cewa shirye-shiryen gidan rediyon BBC na Landan suna isowa Cambridge daram da rana, amma da dare ƙarfinsu ya yi ta hawa da sauka. Ya yi tunanin cewa da dare igiyoyi biyu ne ke isa akwatin: ɗaya ta biyo doron ƙasa, ɗaya ta je sama ta dawo. In sun iso ƙafa ɗaya sai su ƙarfafa juna, in sun saɓa sai su kashe juna. Wannan shi ne ainihin dusashewar da masu saurare suka saba ji.

A 1924, shekarar da ya zama farfesa a Kwalejin King's ta Landan, ya tsara gwajin da zai raba gardama. Shi da ɗalibinsa Miles Barnett, mutumin Niyu Zilan, suka roƙi BBC ta ba su aron tasharta ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shirye. A wani dare na watan Disamba suka girka na'urar karɓa a Oxford, injiniyoyin tashar kuma suka riƙa sauya tsawon zangon igiyar sannu a hankali. Ƙarfin siginar ya yi ta hawa da sauka, su kuwa suna ƙirgawa. Daga yawan hawa da saukar suka lissafa bambancin tsawon hanyoyin biyu, daga nan suka fitar da tsayin abin da ya dawo da igiyar: kimanin kilomita 100. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan dare ji ne ya tabbatar da abin da ido ba ya iya gani.

Hawa-hawan sama

Abin da ke can sama ba ƙarfe ba ne, iska ce siririya. Hasken rana mai tsananin ƙarfi yana fizge ƙananan ƙwayoyin lantarki, waɗanda ake kira elektiron, daga jikin ƙwayoyin iska, sai su riƙa yawo sakaka. Iskar da ta shiga wannan hali ita ake kira filasma. Idan igiyar rediyo ta shiga cikinta sai ta kaɗa elektiron ɗin, su kuma su lanƙwasa ta har ta juyo ƙasa. Kowace shimfiɗa tana da iyakar da take iya dawowa da ita, gwargwadon cunkoson elektiron ɗinta. Igiyar da saurin kaɗawarta ya wuce wannan iyaka sai ta huda ta wuce. Shi ya sa tashoshin FM na Kano ba sa nisa, gajeren zango kuwa yana tsallake nahiyoyi.

Shimfiɗar farko Appleton ya sa mata harafin E. Cikin 1926 da 1927 ya gano wata a samanta, a tsayin da ya haura kilomita 200, ya kira ta F, wasu kuma suka kira ta da sunansa. Ita ce ginshiƙin gajeren zango. A ƙasan E akwai D, wadda da rana take shanye igiyoyin matsakaicin zango, da dare kuma ta ɓace. Wannan ne ya sa rediyon Kaduna ya fi kaiwa ƙauyuka masu nisa bayan magariba. Kalmar ayonosfiya kuwa abokin aikinsa Robert Watson-Watt ne ya ƙirƙiro ta a 1926.

A 1927 aka zaɓi Appleton cikin Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila. Ya fitar da lissafin da ke nuna yadda maganaɗisun duniya ke raba igiya gida biyu a cikin filasma. Ya kuma nuna cewa cunkoson elektiron yana ƙaruwa yana raguwa tare da tabon da ke fitowa a fuskar rana, a zagaye na kimanin shekara goma sha ɗaya. A 1932 zuwa 1933 ya jagoranci tawagar bincike zuwa Tromso a arewacin Norwe, inda suka ga cewa idan guguwar maganaɗisu ta taso, igiyar da aka harba sama ba ta dawowa sam.

Muryar da ta kutso daga Luxembourg

A 1933 wani injiniya a kamfanin Philips da ke Eindhoven a ƙasar Holand, Bernard Tellegen, yana sauraron tashar Beromunster ta Suwizalan, sai ya riƙa jin shirin Rediyo Luxembourg ƙasa-ƙasa a bayan muryar. Zangunan tashoshin biyu sun yi nisa da juna ƙwarai, kuma akwatinsa lafiya lau yake. Abin lura shi ne, Luxembourg tana kusan tsakiyar hanya tsakanin Suwizalan da Holand, kuma sabuwar tasharta tana cikin mafiya ƙarfi a Turai.

A 1934, shekarar da Appleton ya zama shugaban Ƙungiyar Kimiyyar Rediyo ta Duniya, wasu masana biyu a Ostireliya, Victor Bailey da David Martyn, suka warware matsalar. Igiyar Luxembourg tana ɗumama elektiron ɗin da ke ƙasan ayonosfiya a saman tashar. Idan suka ɗumama sai su ƙara yawan karo da ƙwayoyin iska, wurin ya ƙara shanye duk igiyar da ta ratsa shi. Da yake ƙarfin igiyar Luxembourg yana hawa da sauka ne daidai da muryar mai gabatarwa, shanyewar ma haka take yi, sai hoton muryar ya ɗamfaru a jikin igiyar Suwizalan da ke wucewa. A karon farko aka ga cewa abin da ɗan Adam ya harba daga ƙasa yana iya sauya halin sama.

Yaƙi, Nobel da samaniyar Nijeriya

Appleton ya koma Cambridge a 1936. A 1939, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta naɗa shi Sakataren Sashen Binciken Kimiyya da Masana'antu, muƙamin da ya riƙe shekara goma. Dabarar auna nisan abu ta hanyar harba igiya da jiran amsawarta ita ce tushen na'urar rada, wadda ta taimaka wa Ingila hango jiragen yaƙin Jamus. Shirin farko na Biritaniya na ƙera bam ɗin nukiliya shi ma a ƙarƙashin sashensa aka sanya shi. An ba shi lambar girma ta Sir a 1941, sannan a 1947 ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar lissafin halittu, wato fiziks, saboda binciken sararin sama da gano shimfiɗar F.

Saboda buƙatar sadarwar yaƙi, an kafa tashoshin auna ayonosfiya a sassan duniya da dama. Da Appleton ya tattara alƙalumansu sai ya ga abin mamaki, ya buga shi a mujallar Nature a 1946. Hankali zai ba da cewa inda rana ta fi tsayuwa a ka nan ne elektiron za su fi cunkoso. Amma sai ya ga akwai rami a daidai layin tsakiyar maganaɗisun duniya, da tudu biyu a gefensa, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, kowanne nisan digiri goma sha biyar ko kusa da haka. Daga baya aka gane dalili: da rana wani ƙarfin lantarki yana ɗaga filasma sama a kan wannan layi, sannan ta gangaro gefe biyu tana bin layukan maganaɗisu, kamar ruwan da aka feso sama yana zubowa hagu da dama.

Nan ne labarin ya iso gida. Layin tsakiyar maganaɗisu bai dace da layin ikwaita na taswira ba. A Afirka ta Yamma ya karkato arewa, ya ratsa arewacin Nijeriya, kudu kaɗan da Kano. Wato Gaya da Ajingi suna ƙarƙashin ramin da Appleton ya bayyana. Tudun arewa yana saman Sahara, na kudu yana saman tekun Atilantika. A kan wannan layi kuma, a tsayin kilomita ɗari da 'yan kai, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nazarinsa a shekarun 1950, inda Cyril Onwumechili ya yi fice har ya zama abin dogaro a fannin a duniya. Farfesan fiziks da ya yi aiki tare da shi a can, Norman Alexander, shi ne ya zama shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, kuma har yau akwai ɗakin kwanan ɗalibai mai sunansa a Samaru.

A cikin waɗannan shekaru ne muryar Hausa ta hau rufin da Appleton ya auna. Ranar 13 ga Maris, 1957, Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC, na minti goma sha biyar. Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Mutum tara yake

A 1949 Appleton ya zama shugaban Jami'ar Edinburgh a Sikotilan, ya zauna a kujerar har ƙarshen rayuwarsa. Jami'ar ta bunƙasa a hannunsa, amma shirinsa na rushe tsofaffin gine-gine a dandalin George Square domin gina sababbi ya jawo masa suka mai zafi daga masu kishin tarihin birnin. Doguwar benen da aka gina a gefen dandalin sunansa take ɗauke da shi. Duk da nauyin ofis bai saki bincike ba, ya kafa mujallar kimiyyar sararin sama a 1950, ya ci gaba da bin alƙaluman ayonosfiya da hannunsa.

Masana tarihin kimiyya sun kuma nuna cewa yana da rowar yabo. Wani matashi ɗan Ostiriya, Wilhelm Altar, ya yi aiki da shi a 1925 da 1926 a kan lissafin maganaɗisu da filasma, amma sunansa bai fito a cikin abin da aka buga ba, sai bayan shekaru da yawa aka tono rubutunsa. James Hey, wanda ya gano a 1942 cewa rana tana fitar da igiyoyin rediyo, ya ji haushin yadda Appleton ya shiga gaba a maganar bayan yaƙi. Ramin nan na tsakiyar duniya ma, masu bincike na Japan sun riga sun hango alamarsa. Wannan bai rage darajar gwajin 1924 ba, sai dai yana tuna wa mai karatu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matarsa Jessie ta rasu a 1964. A farkon 1965 ya auri Helen Allison, wadda ta daɗe tana sakatariyarsa. Bayan wata ɗaya, ranar 21 ga Afrilu, 1965, ya rasu a Edinburgh yana da shekara 72.

Masu zuga sama

Shekara biyar bayan rasuwarsa, abin da Rediyo Luxembourg ta yi bisa kuskure aka fara yin sa da gangan. A 1970 Amurka ta buɗe tasha a Platteville, jihar Colorado, wadda aikinta shi ne harba igiya mai ƙarfi kai tsaye sama. Wata ta biyo baya a 1980 kusa da Tromso, inda Appleton ya yi bincike, sai Sura a Rasha a 1981, sai HAARP a Gakona ta jihar Alaska, wadda aka kammala a 2007 da eriya 180 da ƙarfin megawat 3.6. Aikinsu ya yi kama da na maƙeran da Gaya ta yi suna da su tun zamanin da: ba a zuga dukan maƙera, gurbi ɗaya ake zugawa a ga abin da ƙarfe zai yi.

Abin da aka gani ya wuce ɗumama kawai. A daidai tsayin da igiyar za ta juyo, tafiyarta tana raguwa, ƙarfinta ya taru. Idan a wurin akwai ɗan gurbin da elektiron suka yi ƙaranci, igiyar sai ta karkata ta taru a cikinsa. Taruwar ta ƙara zafi, zafin ya kori wasu elektiron ɗin, gurbin ya ƙara zurfi, ya kuma ƙara jawo igiyar. Manomin da ya ga yadda ruwan sama ke samun 'yar tsaga a gona ya mayar da ita kwazazzabo ya riga ya fahimci wannan. Da yake elektiron sun fi samun sauƙin tafiya ta bin layin maganaɗisu, guraben sukan miƙe su zama zara-zara, faɗinsu 'yan mitoci, tsawonsu kilomitoci. Wani lokaci kuma igiyar takan rabe ta haifi wasu igiyoyi biyu na cikin filasma, su ingiza elektiron da gudu su bugi ƙwayoyin iskar oksijin, har a ga wani haske ja ko kore mai rauni a kyamara. Da zarar an kashe na'urar, cikin daƙiƙoƙi ko mintoci sama takan koma yadda take.

Wannan ya isa amsa ga jita-jitar da ke yawo a kafafen sada zumunta cewa irin waɗannan tashoshi suna hana ruwan sama ko suna haddasa girgizar ƙasa. Hadari da gajimare suna haɗuwa ne a ƙasa da kilomita ashirin, inda wannan igiya ke wucewa ba tare da ta taɓa komai ba. Ƙarfin da rana ke zubawa a ayonosfiya kullum ya ninka na kowace tasha nesa ba kusa ba. Tun 2015 Jami'ar Alaska ce ke tafiyar da HAARP.

Bayan magariba a Gaya

Dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a irin wannan bincike shi ne, abin da ake ƙirƙira a Alaska na ɗan lokaci yana faruwa da kansa a saman ƙasashen da ke kan layin tsakiyar maganaɗisu. Rana tana faɗuwa, ƙasan shimfiɗar F sai ya rasa elektiron ɗinsa da sauri, ita kuma shimfiɗar ta ɗaga sama. Filasma mai kauri ta zauna a kan mai shika-shika, kamar a zuba ruwa a kan man gyaɗa. Zaman ba ya ɗorewa. Sai kumfa marasa elektiron su huda su tashi, wasu har su haura kilomita dubu. An fara ganin alamarsu a Huancayo ta ƙasar Peru a 1938, kuma awon taurarin ɗan Adam ya nuna cewa Afirka na cikin wuraren da suka fi yawaita, musamman tsakanin magariba da tsakar dare.

A da, wanda abin ya fi shafa shi ne mai sauraren gajeren zango, wanda shirinsa na BBC ya daɗe yana tasowa daga tsibirin Ascension a kudancin Atilantika, yana ratsa wannan yanki mai rikici kafin ya sauka a Ajingi. Yau abin ya fi haka faɗi. Siginar GPS da ke jagorantar jirgin sama, da wadda mai awon fili ke kafa iyakar gona da ita, da wadda ke nuna wa direba hanya a wayarsa, duk sai sun huda ayonosfiya kafin su iso. In suka ci karo da kumfar nan sai su yi ta rawa, lissafin wuri ya kauce, wani lokaci na'urar ta rasa tauraron gaba ɗaya.

Appleton bai ga zamanin GPS ba. Amma haruffan da ya sa wa shimfiɗun sama, da lissafin da ya bari, da ramin da ya bayyana a 1946, da su ake aiki a duk inda ake ƙoƙarin hasashen wannan rawa kafin ta auku. Ƙasar da wannan layi ya ratsa ta tana da dalilin da ya fi na Ingila na horar da masu auna samaniyarta, kuma jami'o'in Kano, Wudil da Zariya suna zaune ne a ƙarƙashin ɗaya daga cikin wuraren da masana duniya suka fi buƙatar alƙalumansu.